A Kashe ko a Ƙyale: Nazarin Gobarar Gandun Dajin Yellowstone ta 1988

Wurin da matsalarsa

Yellowstone gandun daji ne a arewa maso yammacin Amurka. Mafi yawansa yana jihar Wyoming, gefensa ya ɗan leƙa Montana da Idaho. Ranar 1 ga Maris 1872 Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta keɓe shi, kuma shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Amurka. Faɗinsa eka miliyan 2.2 ne, kusan murabba'in kilomita 9,000. Sai an jera Yankari huɗu kafin a cike shi. Tudu ne mai tsayin kimanin mita 2,400 daga gaɓar teku, dusar ƙanƙara na danne shi watanni masu yawa, lokacin gobara kuwa gajere ne, daga Yuni zuwa Satumba, daidai sa'ad da mu muke tsakiyar damina.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na dajin bishiya iri ɗaya ce, wadda suke kira lojfol. Doguwa ce siririya, miƙaƙƙiya kamar azara, ɓawonta ba kauri, kuma a cunkushe take tsirowa. Idan dajin ya tsufa sai matattun bishiyoyi su riƙa faɗuwa suna hawa kan juna. A wurinmu gara da ruwan damina kan gama da irin wannan itace cikin 'yan shekaru. A can sanyi da bushewar iska ba sa barin sa ya ruɓe da wuri, sai ya yi ta taruwa. Kowace shekara kuma tsawa na faɗawa cikin dajin ta kunna wuta.

Tambayar da ta dami masu kula da gandun fiye da shekara ɗari ita ce: idan tsawa ta kunna wuta a dajin da aka ce a bar shi yadda Allah ya halicce shi, kashe ta za a yi ko ƙyale ta?

1886 zuwa 1971: kowace wuta abokiyar gaba ce

Amsar farko ba ta ɗauki lokaci ba. A watan Agusta 1886 aka tura sojojin doki ƙarƙashin Kyaftin Moses Harris su karɓi tsaron gandun, suka tarar da wuta na ci, suka hau kashewa da gatari da shebur da bokiti. Sojoji suka riƙe wurin har 1918, lokacin da suka miƙa shi ga hukumar kula da gandayen dajin ƙasa da aka kafa a 1916. Hukumar ta gaji aikin, ta kuma gaji ra'ayin.

Abin da ya ƙara kafe wannan ra'ayi bai faru a Yellowstone ba. Ranakun 20 da 21 ga Agusta 1910 wata gobara ta cinye kimanin eka miliyan 3 a Idaho da Montana da gabashin jihar Washington, ta kashe mutum fiye da 80, akasarinsu masu kashe wuta. A cikin wannan gobarar ne wani jami'in daji, Ed Pulaski, ya cusa mutanensa arba'in da 'yan kai cikin ramin haƙar ma'adinai, yawancinsu suka tsira. Har yau da sunansa ake kiran makamin da masu kashe wutar daji ke riƙewa, wanda bakinsa ɗaya gatari ne, ɗayan fartanya. Mutanen da suka ga 1910 da idonsu su ne daga baya suka shugabanci hukumar dazuzzuka ta Amurka, kuma a 1935 suka fito da doka: duk wutar da aka ba da rahotonta, a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe. Hukumar dazuzzuka daban ce da ta gandaye, amma a kan wuta bakinsu ɗaya ne.

Sai dai akwai tazara tsakanin doka da iyawa. Mutum a kan doki ba ya isa tsakiyar dajin Yellowstone da wuri, sau da yawa kafin a je wutar ta mutu da kanta ko ta fi ƙarfin shebur. Kashe wuta na gaske a lungunan gandun bai kankama ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka samu jiragen sama da masu dirowa da lema kai tsaye a bakin wuta. Wato shekara talatin ne ko ƙasa da haka. A riƙe wannan adadi, za a buƙace shi a gaba.

1963 zuwa 1987: gwajin ƙyalewa

A 1963 wani kwamiti ƙarƙashin masanin namun daji A. Starker Leopold ya miƙa wa sakataren harkokin cikin gida Stewart Udall rahoto. Asalin abin da ya sa aka kafa kwamitin rigima ce a kan harbe wata babbar barewa da ake kira elk, wadda aka ce ta yi yawa a Yellowstone. Amma rahoton ya wuce nan, ya ce dajin da aka hana wa wuta ba shi ne dajin asali ba, kuma wuta na cikin kayan aikin kula da shi. A 1968 hukumar gandaye ta sauya manufarta, gandayen Sequoia da Kings Canyon na Kaliforniya suka fara barin wutar tsawa ta ci a kan tsaunuka.

Yellowstone ya bi sahu a 1972, ya ware eka 340,000 don gwaji, a 1976 aka faɗaɗa tsarin ya game mafi yawan gandun. Sharuɗɗan a bayyane suke. Wutar da mutum ya kunna, kashe ta ake yi nan take. Wutar da ke barazana ga rai ko gini ko dajin maƙwabta, ita ma haka. Wutar tsawa da ke can nesa da kowa kuwa, a sa mata ido a bar ta.

Cikin shekara 16, daga 1972 zuwa 1987, an ƙyale wuta 235. Duka-duka abin da suka ci bai kai eka 34,000 ba. Guda 15 kawai suka wuce eka 100, mafi girmansu ta tsaya a wajen eka 7,400. Yawancinsu bishiya ɗaya ko biyu suka lasa suka mutu. Ba a rasa rai ba, ba a rasa wani gini na kirki ba, kuɗin da ake kashewa kuma ya ragu. Ma'aikatan suka koyi wasu darussa daga abin da suka gani: wuta na son tsohon daji, idan ta iso matashin daji sai ta kwanta, da dare tana lafawa, ruwan Yuli da Agusta kuma yakan gama da ita.

Duk wannan gaskiya ne a shekarun da aka gan shi. Abin da ba a ba muhimmanci ba shi ne yawancin shekarun 1982 zuwa 1987 sun fi saba samun ruwa a lokacin zafi. Tsarin kuma bai ƙayyade wani ma'auni na fari ko bushewar itace ba wanda da an kai shi dole a daina ƙyalewa. An bar wannan ga hankalin kwamitin da ke duba kowace wuta.

A daidai wannan lokaci wasu masana biyu, William Romme da Don Despain, suna bin dajin suna ƙirga zoben shekaru a jikin bishiyoyi da tabon tsohuwar wuta. Abin da suka gano shi ne dajin kan tudu yakan yi shekara 200 zuwa 300 ba tare da babbar gobara ba, sannan ta zo ta cinye yanki mai faɗi gaba ɗaya, kuma irin wannan ta faru a farkon shekarun 1700. Idan aka yi lissafi, a shekarun 1980 dajin ya nuna.

Yuni zuwa 21 ga Yuli 1988

Hunturun 1987 zuwa 1988 bai kawo dusar ƙanƙara sosai ba, amma Afrilu da Mayu suka zo da ruwa fiye da ƙima, ciyawa ta tashi, hankali ya kwanta. Daga nan sama ta ɗauke. A Yuni kashi 20 cikin ɗari na ruwan da aka saba aka samu. Hadari na haɗuwa, tsawa na faɗawa, ruwa ba ya sauka.

Ranar 14 ga Yuni tsawa ta kunna wutar Storm Creek a dajin gwamnati da ke arewa da gandun. Ta Shoshone ta tashi ranar 23 ga Yuni, ta Fan ranar 25, ta Red ranar 1 ga Yuli, ta Mist ranar 9 ga Yuli, ta Clover ranar 11. (Al'adarsu ce su raɗa wa kowace wuta suna, galibi sunan rafi ko tafki ko dutsen da ke kusa.) A farkon kakar an ƙyale wutar tsawa 18 bisa tsari, 11 daga ciki suka mutu da kansu kamar yadda aka saba.

Sauran ba su mutu ba. Ranar 15 ga Yuli, lokacin da abin da ya ƙone a yankin baki ɗaya ya kai wajen eka 8,500, aka yanke cewa ba za a sake ƙyale sabuwar wuta ba. Ranar 21 ga Yuli, an kai kimanin eka 17,000, aka ba da umarnin a yaƙi kowace wuta, tsohuwa da sabuwa. Daga wannan rana tsarin ƙyalewa ya daina aiki. Mako guda bayan haka abin da ya ƙone a cikin gandun ya doshi eka 99,000.

22 ga Yuli zuwa 19 ga Agusta: duk abin da aka sani an gwada

Kwana ɗaya bayan umarnin, ranar 22 ga Yuli, wani mai saran itace a dajin Targhee na Idaho, ɗan taƙi kaɗan daga iyakar gandun, ya yar da guntun taba. Wannan ita ce wutar North Fork. Tun ranar farko aka fara yaƙar ta, kuma ita ce ta zama mafi girma a shekarar, ta ci fiye da eka 400,000. A kwanakin ne aka kwashe mutane daga masaukin Grant Village saboda wutar Shoshone. Ranar 27 ga Yuli sakataren harkokin cikin gida Donald Hodel ya zo da kansa ya jaddada cewa babu sauran wutar da za a ƙyale.

Hanyar tare wutar daji ba ta da nisa da abin da manomi ke yi kafin ya ƙone sauran kara a gonarsa: a share layi har ƙasa ta fito, don wuta ta iso ta rasa abin ci. An share irin wannan layi da hannu na tsawon kilomita 1,070, katafila ta share wasu kilomita 220, yawancinsu a wajen gandun. A kan katafilar an yi ja-in-ja, domin shugaban gandun, Robert Barbee, yana ganin tabon da take bari a ƙasa ya fi na wuta daɗewa, garuruwan maƙwabta kuwa suna ganin ana tausayin ƙasa ana barin gidajensu. Daga baya an ba da izini a wasu wurare. Jirage sun zubar da ruwa kusan lita miliyan 38 da maganin kashe wuta fiye da lita miliyan 5. An kuma yi ta tarbar wuta da wuta, wato a kunna wata a gabanta ta cinye abin da babbar za ta ci.

Layukan ba su tare komai ba a ranakun iska, kuma dalilin a fili yake. Ruwan da ya rage a jikin manyan itatuwan da ke kwance ya sauka ƙasa da na katakon da aka busar a masana'anta, ciyawa da ƙananan rassa kuwa sun koma kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Agusta ta zo da kashi 10 cikin ɗari na ruwan da aka saba, lokacin zafi mafi bushewa tun da aka fara rubuta yanayin wurin. Iska busasshiya ta riƙa zuwa bi da bi, wani lokaci da gudun kilomita 100 a sa'a. A irin wannan hali wuta kan bar ƙasa ta hau kan bishiyoyi, harshenta ya kai mita 60, tana cilla garwashi kilomita ɗaya zuwa biyu a gabanta. Layin da mutum ashirin suka kwana suna sharewa, faɗinsa bai fi taku ɗaya ko biyu ba. Wutar da ta tsallake hanyoyin mota da koguna, har da babban kwazazzabon kogin Yellowstone, ba wannan ne zai tsayar da ita ba.

A farkon Agusta aka tara ƙwararrun masana halayyar wuta a garin West Yellowstone su yi hasashen inda abin zai tsaya. Sun dogara da tarihin ruwan Agusta da kuma darasin nan na cewa matashin daji kan kwantar da wuta. Cikin 'yan makonni hasashen ya rushe. Wutar ta ratsa matashin daji kamar babu shi, da dare ma ba ta lafa ba.

20 ga Agusta zuwa 11 ga Satumba

Asabar 20 ga Agusta ita ake kira Baƙar Asabar. A yini ɗaya fiye da eka 150,000 suka ƙone, ninki huɗu da ɗoriya na duk abin da wutar da aka ƙyale ta ci cikin shekara 16. Jirage ba su iya tashi ba, aka janye mutane daga bakin wuta. A ranar ce iska ta kayar da bishiya kan wayar lantarki a kudu da gandun, wata sabuwar wuta mai suna Huck ta tashi. Daga nan aka kawo sojoji, aka kuma sauya dabara: maimakon a ce za a kewaye wutar, sai aka koma tsare rayuka da garuruwa da gine-gine.

Wannan dabarar ma ba ta tafi sumul ba. A farkon Satumba an kunna wutar tarba don kare ƙauyukan Silver Gate da Cooke City daga wutar Storm Creek, iska ta juya, wutar da aka kunna da hannu ta cinye wasu gidaje a gefen gari. A West Yellowstone kuwa manoma ne daga Idaho suka ɗebo bututun ban-ruwan gonakinsu suka shimfiɗa a bakin gari, suka yi ta jiƙa dajin dare da rana. Wuta ba ta shiga garin ba.

Ranar 7 ga Satumba wutar North Fork ta iso Old Faithful, maɓuɓɓugar ruwan zafin nan mai tsartuwa sama wadda ita ce tambarin gandun. A gefenta akwai wani katafaren masauki da aka gina da gungumen itace a 1903 zuwa 1904, rufinsa ma na katako ne. Da safe aka fara kwashe baƙi, amma la'asar ta yi ba a gama ba. Sai gari ya yi duhu, iska ta taso, ƙarar wutar ta cika wurin, garwashi ya riƙa zubowa a filin ajiye motoci inda mutane suka taru. Shekara ɗaya kafin nan an sa wa rufin masaukin bututun feshin ruwa. Aka buɗe su, ruwa ya riƙa kwarara ta bangon, 'yan kwana-kwana na ƙara masa da mesa, wasu ma'aikata na bin tartsatsin da ya sauka suna kashewa. Wutar ta tsallake wurin gaba ɗaya ta kama tudun da ke bayansa. Ƙananan ɗakunan kwana da wasu rumbunan ajiya sun ƙone, masaukin ya tsaya, ba wanda ya mutu.

A kwanakin ne aka rufe gandun ga baƙi baki ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. Ranar 10 ga Satumba aka kwashe iyalai daga Mammoth Hot Springs, hedikwatar gandun. Ranar 11 ga Satumba aka wayi gari da yayyafi da dusar ƙanƙara. Ba ta da yawa, amma daga ranar wutar ba ta sake yin wani gudu na kirki ba, ko da yake ta ci gaba da cin ƙasa-ƙasa a wurare har Nuwamba.

Lissafin asara

A cikin gandun eka 793,880 wuta ta taɓa, kashi 36 cikin ɗari, fili da ya fi Yankari gaba ɗaya. Wuta 51 ce ta tashi a ciki, 42 na tsawa, 9 na mutane. Kimanin kashi 63 cikin ɗari na filin da ya ƙone, wutar da ta faro daga wajen gandun ce ta ci shi. Mutum kusan 25,000 suka yi aikin kashewa, an kashe dala miliyan 120, gine-gine 67 suka ƙone. Mutum biyu suka rasu, dukansu a wajen gandun: matuƙin jirgi da wani mai kashe wuta da bishiya ta faɗo wa.

Manyan dabbobin da aka ƙirga gawarsu a gandun ba su kai 300 ba: elk 246, ɓauna 9, da wasu 'yan kaɗan. An sha ganin ɓauna na kiwo hankali kwance wuta na ci a bayanta. Mutuwar gaske ta zo ne a hunturun da ya biyo baya, inda fari da ƙarancin ciyawa da tsananin sanyi suka haɗu suka kashe dubban elk.

Asarar suna ta fi wannan zafi. Gidajen talabijin sun yi makonni suna nuna harshen wuta suna cewa gandun ya tafi, suna kuma maimaita cewa manufar “a bar ta ta ci” ce ta jawo, alhali an dakatar da ita tun 21 ga Yuli. Sanatocin Wyoming biyu, Alan Simpson da Malcolm Wallop, suka nemi shugaban hukumar gandaye William Penn Mott ya sauka. Shi kuwa Barbee, sunansa ya yi kama da kalmar gashin nama a Turanci, sai mutanen gari suka mai da shi abin zolaya a allunan talla.

1989 zuwa 1992: dajin da dokar

Ba a dasa bishiya a dajin da ya ƙone ba. Wanda ya shiga wurin bayan wutar ta huce zai ga baƙar toka an yayyafa mata ƙananan iri masu fiffike. Sirrin yana jikin lojfol. Wasu daga cikin bishiyoyin suna da kwanson iri da ƙaro ya liƙe gam, yana iya shekaru a reshe bai buɗe ba. Sai zafi ya kai wajen digiri 45 ƙaron ke narkewa. Wuta ta wuce da sauri, ta kashe uwar, ta buɗe kwanson, irin ya zubo kan ƙasar da babu inuwa babu mai yi masa kishiya. An ƙirga iri daga 50,000 har zuwa miliyan ɗaya a eka guda.

Wutar kuma ba ta ci dajin bai ɗaya ba, dabbare-dabbare ta yi masa: nan ƙurmus, can ta lashi ƙasa kawai, gaba kaɗan kore shar. Binciken Monica Turner da abokan aikinta ya nuna yawancin wuraren da suka ƙone ƙurmus ba su wuce mita 200 daga bishiyoyi masu rai ba. Ƙasar da zafi ya kashe saiwa da irin da ke cikinta ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba, shi ya sa ciyawa da furanni suka fito tun shekarar farko. A 1989 baƙi fiye da miliyan 2.6 suka zo, sun fi na shekarun da suka gabata.

A ɓangaren doka, gwamnati ta kafa kwamitin bita wanda ya ba da rahoton farko a Disamba 1988, na ƙarshe a Mayu 1989. Ya ce manufar barin wuta ta yi aikinta daidai ce, tsare-tsaren aiwatarwa ne ke da ɓaraka. Aka dakatar da ƙyale wuta a gandaye har sai kowanne ya gyara tsarinsa. Na Yellowstone ya fito a 1992 da sababbin sharuɗɗa: a riƙa auna fari da bushewar itace, a duba yawan ma'aikata da kayan aikin da ke hannu, a yi shawara da dazuzzukan maƙwabta, kuma kowace rana shugaba ya sa hannu cewa wutar da aka ƙyale tana cikin iyakar da aka gindaya mata.

2016: wuta ta dawo da wuri

Da wannan tsari aka tafi shekaru ba tare da wata babbar rigima ba. A 2016 kimanin eka 70,000 suka ƙone, mafi yawa tun 1988. Babbar cikinsu, wutar Maple, tsawa ce ta kunna ta a Agusta kusa da West Yellowstone, ta ci fiye da eka 45,000. An tsare ɓangaren gari, aka bar ta ta yi gabas cikin daji, garin bai ƙone ba. Amma abin da ta ci shi ne matashin dajin da ya tsiro bayan wutar North Fork, mai shekara 28 kacal.

Hukunci

Zargin da ya fi yawo, cewa ƙyalewa ce ta ƙone Yellowstone, alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Wutar da ta fi kowacce ɓarna taba ce ta kunna ta, a wajen gandun, bayan an dakatar da ƙyalewa, kuma ba a yi mata sassauci ko na sa'a ɗaya ba. Huck ma a wajen gandun ta tashi, kuma ba a ƙyale ta ba. Idan mutum 25,000 da dala miliyan 120 ba su tsayar da waɗannan ba, da wuya a ce tsarin 1972 ne ya hana.

Zargi na biyu, wanda masu kare hukumar suka fi so, shi ne shekara ɗari na kashe wuta ne suka tara itace. Wannan ya yi daidai a filayen ciyawa na arewacin gandun, inda a da wuta kan zagayo duk shekara 20 zuwa 25. A dajin kan tudu bai yi ba. Shekara talatin na kashe wuta ba su isa su sauya dajin da agogonsa ke bugawa duk shekara 200 zuwa 300 ba. Fari da iska ne suka yi aikin, kamar yadda suka yi a shekarun 1700.

Duk da haka ban wanke hukumar tas ba. Wutar Clover da Mist da Shoshone da Red an ƙyale su ne suna ƙanana, kuma sun girma sun ci fili mai yawa. Yuni ta riga ta nuna kashi 20 cikin ɗari na ruwa, amma aka ci gaba da jiran ruwan Yuli saboda shekarun baya sun saba kawo shi. Shekara 16 aka ɗauka a matsayin dogon tarihi a dajin da bishiyarsa ke kai shekara 300. Tsarin yana da ƙofar shiga, ba shi da birki, kuma ba a taɓa zaunar da mutanen Cooke City da West Yellowstone an gaya musu ƙarara cewa wata rana babbar za ta zo ba, ko da yake binciken da ke nuna haka a cikin gandun ake yin sa. Gyaran 1992 ya toshe waɗannan ramuka, kuma shi ya sa 2016 ta wuce ba a nemi kowa ya sauka ba.

Abin da ya yi aiki a 1988 ƙananan abubuwa ne da aka yi a daidai wurin da ake son karewa: bututu a kan rufi, bututun manoma a bakin gari, kwashe mutane, da janye ma'aikata daga gaban wutar da ba ta taruwa. Layukan cikin daji kuwa, da yawansu kuɗi ne aka zuba don a ga ana yin wani abu.

Inda maganar ba ta ƙare ba shi ne 2016. Farfaɗowar 1989 ta yiwu ne saboda bishiyoyin da suka ƙone tsofaffi ne, sun yi shekaru aru-aru suna tara kwanson iri. Wani bincike da aka buga a 2011 ya yi hasashen cewa idan zafi ya ci gaba da ƙaruwa, zuwa tsakiyar wannan ƙarni wuta na iya riƙa zagayowa yankin cikin ƙasa da shekara 30. Da Turner da tawagarta suka koma wuraren da suka sake ƙonewa a 2016, sun tarar a wasu filaye wutar ta cinye har gungumen da suka rage daga 1988, kuma tsiron lojfol da suka ƙirga ya yi ƙasa ƙwarai da wanda aka ƙirga a wuraren bayan gobarar farko.